Tarihin Manjo Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina

Manjo Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya rasu a shekarar 1995, shi ne gwamnan soja na farko kuma na ƙarshe da ya mulki Jihar Arewa tun tana dunƙule wuri guda.

Yana da shekaru 32 da haihuwa aka ɗora masa wannan nauyi, 'yan kwanaki bayan kashe Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Daga bisani ya zama hafsan hafsoshin sojojin ƙasa na Nijeriya a tsakiyar yaƙin basasa.

Ya ajiye kaki yana da shekaru 42, kuma ya shafe shekaru 20 da suka rage masa a duniya ba tare da ya nemi kujerar mulki ba. A waɗannan shekaru ne jama'ar Katsina da Kaduna suka san shi a matsayin dattijon da ake kai wa kuka.

Asali da ƙuruciya

An haifi Hassan a ranar 31 ga watan Maris na shekarar 1933, a gidan sarautar Katsina na Sulluɓawa.

Kakansa shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a farkon zuwan Turawa, ya kuma riƙe ta har zuwa rasuwarsa a 1944. Mahaifinsa, Sir Usman Nagogo, shi ya gaji Dikko, ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981.

Gida ne da ya rungumi ilimin zamani da wuri. A zamanin Dikko ne aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, makarantar da ta yaye Sardauna da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran shugabannin Arewa na farko.

Hassan ya fara karatu a makarantar elamantare ta Kankiya, sannan ya shiga makarantar midil ta Katsina. Daga nan ya wuce kwalejin da aka kafa a zamanin kakansa, wadda a lokacin an riga an ɗauke ta daga Katsina, aka kai ta Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Ita ce aka raɗa wa suna Kwalejin Barewa daga baya. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed, waɗanda zai yi aiki da su a rundunar soja, duk sun bi ta wannan makaranta.

Shiga aikin soja

A wancan zamani aikin soja ba shi da martaba sosai a idon manyan gidajen Arewa. Mafi yawan masu shigarsa ƙananan sojoji ne da ba su yi karatun boko ba, kuma Turawa ne ke riƙe da kusan dukkan muƙaman hafsoshi. 'Ya'yan sarakuna da suka yi makaranta kan shiga aikin En'e, su jira hakimci.

Sai dai Sarki Usman Nagogo yana cikin sarakunan da suka fahimci inda al'amura suka dosa. A lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi tattaki har ƙasashen Indiya da Bama domin ya gai da sojojin Afirka ta Yamma da ke fafatawa da Japanawa a can.

Saboda haka da ɗansa ya shiga soja a 1956, sai hakan ya zama abin koyi ga wasu iyaye a Arewa, a daidai lokacin da gwamnatin jihar ke fafutukar ganin 'yan makaranta sun shiga sahun hafsoshi kafin Turawa su tafi.

Ya sami horo na farko a Teshie da ke ƙasar Gana, sannan aka tura shi Ingila, inda ya halarci makarantar hafsoshi ta Mons da kuma shahararriyar kwalejin Sandhurst.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, yana cikin hafsoshin Nijeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya zuwa farkon 1966 yana da muƙamin Manjo, yana kuma jagorantar rundunar motoci masu sulke da ke Kaduna.

Juyin mulkin Janairun 1966

A daren 15 ga watan Janairun 1966, cikin watan azumi, wasu matasan hafsoshi suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin farar hula.

A Kaduna, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. An kuma kashe Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde.

A Legas an kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshin Arewa huɗu: Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Yakubu Pam, da Laftanar Kanar Abogo Largema. A Ibadan kuma aka kashe Firimiyan Yamma, Cif Samuel Akintola.

Masana tarihin wannan lokaci sun rawaito cewa Nzeogwu ya tunkari Manjo Hassan da bindiga a hannu, ya nemi sanin ɓangaren da yake. Hassan ya nuna masa cewa yana tare da shi, abin da akasarin marubuta ke ɗauka a matsayin matakin tsira da rai, domin babu wata shaida da ta nuna yana da hannu a shirya juyin mulkin.

Yunƙurin bai yi nasara a Legas ba. Babban kwamandan sojoji, Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi, ya karɓi ragamar mulki, Nzeogwu kuma ya miƙa wuya aka tafi da shi Legas.

Ironsi ya naɗa gwamnonin soja huɗu: Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a Gabas, da Adekunle Fajuyi a Yamma, da David Ejoor a Yamma ta Tsakiya, sai Hassan Katsina a Arewa, tare da ƙarin girma zuwa Laftanar Kanar.

Gwamna a lokacin makoki

Jihar da aka miƙa masa ta fi sauran jihohin uku faɗin ƙasa ko da an haɗa su, kuma a ƙidayar 1963 ita ke da fiye da rabin al'ummar Nijeriya. Ga shi ta wayi gari babu Firimiya, babu Firayim Minista, babu manyan hafsoshinta.

Masu lura da al'amura na ganin cewa asalinsa na ɗan sarki ya taimaka wajen zaɓensa, domin sarakuna da talakawa za su fi sakin jiki da wanda suka san gidansu.

Sabon gwamnan ya san ba shi da gogewa a harkar mulki, don haka ya jingina da manyan ma'aikatan da Sardauna ya bari, a ƙarƙashin sakataren gwamnati Malam Ali Akilu. Kazalika tsohon gwamnan farar hula, Sir Kashim Ibrahim, ya zama mai ba shi shawara. Wannan ya sa ayyukan gwamnati suka ci gaba da gudana a Kaduna da larduna duk da girgizar da aka sha.

Amma fushi na ta ruruwa a ƙarƙashin ƙasa. Ba a gurfanar da waɗanda suka yi kisan Janairu a gaban shari'a ba, kuma da yake galibinsu 'yan ƙabilar Ibo ne, kamar shi kansa Ironsi, mutane da dama a Arewa sun ɗauki lamarin a matsayin shiri na mamaye su.

A ranar 24 ga watan Mayun 1966 Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya ta kuma haɗe aikin gwamnati na ƙasa baki ɗaya. 'Yan kwanaki bayan haka zanga-zanga ta ɓarke, ta rikiɗe zuwa kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwa irin su Kano da Zariya da Gusau, har da Katsina, mahaifar gwamnan.

A ranar 29 ga watan Yuli hafsoshin Arewa suka yi juyin mulki na ramuwa, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan, kuma Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa. A waɗannan kwanaki kalmar araba ce ke bakin mutane da yawa a Arewa, wato a raba ƙasa kowa ya kama gabansa.

Kashe-kashen Satumba da Oktoba

Mafi munin abin da ya faru a zamanin mulkinsa shi ne kashe-kashen da aka yi a ƙarshen watan Satumba da farkon Oktoban 1966, inda fararen hula da wasu sojoji suka afka wa mutanen Gabas mazauna Arewa.

Ƙiyasin waɗanda suka mutu a tarzomar wannan shekara ya bambanta ƙwarai, daga 'yan dubbai har zuwa 30,000. Fiye da mutum miliyan 1 ne aka ƙiyasta sun tsere zuwa Gabas, suka bar gidaje da shaguna da ayyukansu.

A Kano, sojojin bataliya ta 5 sun yi bore a farkon watan Oktoba, suka buɗe wuta a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Hassan Katsina ya tafi Kano da kansa ya fuskanci sojojin da suka yi tawayen, a lokacin da hafsoshi da dama ke tsoron kusantar barikin. Ya kuma yi jawabai ta gidan rediyon Kaduna yana kira da a daina zubar da jini.

Har yau ra'ayi ya rabu a kan wannan babi. Marubuta daga Gabashin Nijeriya na zargin gwamnatinsa da gazawa wajen kare rayukan 'yan ƙasa da ke zaune a ƙarƙashinta, da kuma rashin hukunta waɗanda suka aikata kisan. Masu kare shi kuwa na cewa a lokacin horon soja ya riga ya lalace, kuma da ba don tsayuwarsa da ta wasu sarakuna ba, da ɓarnar ta zarce haka.

Abin da babu jayayya a kai shi ne, waɗannan kashe-kashe ne suka share hanyar ɓallewar Gabas.

Aburi da raba Arewa

A ranakun 4 da 5 ga watan Janairun 1967 Hassan na cikin shugabannin sojan da suka gana a Aburi ta ƙasar Gana, bisa gayyatar Janar Joseph Ankrah, domin neman sulhu tsakanin Gowon da Ojukwu. An cimma yarjejeniya, amma da aka koma gida kowane ɓangare ya yi mata fassarar da ta yi masa daɗi.

A ranar 27 ga watan Mayun 1967 Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, shida daga ciki a Arewa. An ba Audu Bako Kano, Abba Kyari ya sami Arewa ta Tsakiya, Usman Faruk Arewa maso Yamma, Musa Usman Arewa maso Gabas, Joseph Gomwalk Binuwai da Filato, David Bamigboye kuma jihar da aka sani da Kwara. Lardin Katsina, wanda ya haɗa masarautun Katsina da Daura, ya faɗa cikin Arewa ta Tsakiya tare da lardin Zariya.

Wannan mataki na nufin ƙarshen kujerar Hassan, da kuma ƙarshen Arewa ɗaya da Sardauna ya tsaya a kai. Duk da haka ya goyi bayan shirin, ya kuma shiga lallashin sarakuna da 'yan boko su karɓe shi. Ƙananan ƙabilun Arewa da na Gabas sun daɗe suna neman jihohinsu, kuma girman Arewa na daga cikin abubuwan da ke tsorata mutanen kudu.

Shi ne ya jagoranci aikin rabon ma'aikata da kadarori ga sababbin jihohin, waɗanda suka fara cin gashin kansu sosai a watan Afrilun 1968. Ya kuma shugabanci hukumar ICSA, wadda aka kafa domin kula da abubuwan da ba su rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jaridar New Nigerian, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna.

A wannan tsakani ne kuma aka soma sauye-sauyen da suka rage ƙarfin sarakuna. An ɗauke kotunan alƙalai daga hannun En'e, aka soke kotunan sarakuna, sannan gidajen yari da 'yan doka suka koma hannun gwamnatin tarayya daga 1968 zuwa gaba. Mahaifinsa, Sarkin Katsina, na cikin waɗanda sauyin ya shafa kai tsaye.

Yaƙin basasa

Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara a ranar 30 ga watan Mayun 1967, kuma a ranar 6 ga watan Yuli aka fara gwabzawa.

Gwamnatin tarayya ta ɗauki abin da farko a matsayin ɗan taƙaitaccen aikin kwantar da tarzoma, kuma an rawaito Hassan na cikin waɗanda suka yi hasashen za a gama cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Yaƙin ya ɗauki watanni 30.

Daga Kaduna aka tsara farmakin farko ta fuskar arewacin Biyafara, kuma Arewa ce ta ba da kaso mai yawa na sababbin sojoji da abinci da motoci. An kuma sake kiran mazan jiya da suka yi yaƙin Bama su koma bakin daga. Matasan hafsoshi daga lardin Katsina da suka shiga yaƙin sun haɗa da Muhammadu Buhari, ɗan Daura, da Shehu Musa 'Yar'aduwa.

A 1968 aka naɗa Hassan hafsan hafsoshin sojojin ƙasa. Rundunar da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba kafin yaƙi, ta kumbura zuwa wajen 250,000 a ƙarshensa, galibinsu da horon 'yan makonni kawai.

Babbar matsalar hedikwata ita ce kwamandojin rundunoni uku da ke fagen fama, waɗanda kowanne ke tafiyar da yaƙinsa yadda ya ga dama, har suna gasar sayen makamai da ɗaukar sojoji. Bayan da dakarun Biyafara suka sake ƙwace Owerri a watan Afrilun 1969, sai aka sauya kwamandojin duka a watan Mayu: Iliya Bisalla ya karɓi runduna ta 1, Gibson Jalo ta 2, Olusegun Obasanjo kuma ta 3.

Yaƙin ya ƙare a ranar 15 ga watan Janairun 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas. Ƙiyasin waɗanda suka rasu ya kama daga 500,000 zuwa miliyan 2 ko fiye, akasarinsu fararen hula, musamman yara, da yunwa ta kashe a yankin da aka yi wa ƙawanya.

Hassan ya bar wannan muƙami a farkon 1971, David Ejoor ya gaje shi. Daga baya ya riƙe muƙamin mataimakin babban hafsa a hedikwatar ƙoli, da girman Manjo Janar.

Bayan ajiye kaki

A ranar 29 ga watan Yulin 1975 aka hamɓarar da Gowon yana halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Sabuwar gwamnatin Murtala Muhammed ta yi wa dukkan hafsoshin da suka kai muƙamin Manjo Janar ritaya, ciki har da Hassan.

Da yawa daga cikin hafsoshin zamaninsa sun koma neman mulki, wasu ta hanyar juyin mulki, wasu ta akwatin zaɓe. Shi kuwa bai tsaya takarar kowace kujera ba, ko da yake ana lissafa shi cikin dattawan Arewa da ke kusa da jam'iyyar NPN a jamhuriya ta biyu, kuma shugabanni na neman shawararsa.

Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, yana kai da komo tsakanin Kaduna da Katsina. Da mahaifinsa ya rasu a 1981, yayansa Muhammadu Kabir Usman ne ya zama sarki, kuma Ciroma ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin ginshiƙan masarautar.

Abin da mutanen da suka yi zamani da shi suka fi ambato shi ne buɗaɗɗiyar ƙofarsa. Tsofaffin sojoji da haƙƙinsu ya maƙale, da ɗalibai masu neman gurbin karatu, da masu neman aiki, da marasa lafiya, duk sukan yi sammako zuwa gidansa. Yakan yi amfani da sanayyar da ya tara a soja da gwamnati ya buga waya ko ya rubuta takarda domin wanda ba shi da kowa. An kuma shaide shi da kyauta da barkwanci da faɗin gaskiya ba tare da kwana-kwana ba.

Wannan hidima na da muhimmanci idan aka dubi halin da ake ciki a lokacin. Bayan yaƙi an yi ta rage yawan sojoji, dubban waɗanda suka yi fama suka koma garuruwansu, wasu da raunuka, kuma batun fansho ya zama abin kuka na shekara da shekaru. Samun babban hafsa da zai saurare su ba ƙaramin abu ba ne a gare su.

Wani fagen da ya bar tarihi shi ne wasan ƙwallon doki, wato folo. Kakansa Dikko ne ya kafa wasan a Katsina, mahaifinsa kuma na cikin gwanayen da Nijeriya ta taɓa yi. Hassan ya gaji wasan, ya buga shi, ya kuma jagoranci ƙungiyar folo ta ƙasa, inda filayen Kaduna da Katsina suka zama wuraren haɗuwar sojoji da sarakuna da 'yan kasuwa daga kudu da arewa.

Yana raye aka cika burin mutanen lardinsa a ranar 23 ga watan Satumban 1987, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, ta haɗa masarautun Katsina da Daura a jiha guda.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Manjo Janar Hassan Usman Katsina rasuwa a ranar 24 ga watan Yulin 1995, yana da shekaru 62 a duniya.

An sanya sunansa a wurare da dama domin tunawa da shi. Daga ciki akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Katsina, da ginin gwamnati da ke Kawo a Kaduna, da wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogin Kaduna, da kuma wata makarantar sakandare a Bauchi.

Masana tarihi na ci gaba da muhawara a kan rawar da gwamnatinsa ta taka a 1966. Amma jihohi 19 da ake da su a Arewacin Nijeriya sun samo asali ne daga jihohi shidan da ya raba wa ma'aikata da kadarori da hannunsa, kafin ya sauka daga kujerar da babu wanda ya sake hawanta bayansa.